Billen Malam: Tarihin Wani Hoto Daga Kusada Zuwa Kankiya

Hoto ɗaya tak kakana ya bari a duniya, girmansa bai wuce kwalin ashana ba. Shekara da shekaru yana kwance a ƙasan adakar Gwaggo a gidanmu na Kusada, cikin wani ɗan firam na gwangwani, an naɗe shi da tsohon kallabi. Ba mu tuna da shi ba sai wata damina da rufin soron ya yi yoyo, ruwa ya sauka daidai kan adakar. Da aka fito da kayan aka shanya, sai muka tarar ashe ɓarnar ta daɗe da somawa. Gara ta cinye kusurwar ƙasa ta dama har zuwa kafaɗa, fuskar hoton ta manne da gilashi, wani tsage ya ratsa kumatu, baƙin ya koɗe ya koma ruwan ƙasa.

Ban riski Malam ba. Ya rasu kafin a haife ni, sunansa aka mayar mini, shi ya sa Gwaggo ba ta taɓa kiran sunana ba tun ina zanen goyo. Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa. Ta haura tamanin, yana ta soma rufe mata idanu. Ranar da aka shanya kayan ta riƙe firam ɗin dab da fuskarta, ta juya shi wajen haske, ta daɗe ba ta ce komai ba. Daga baya ta miƙo mini.

"Mai sunan Malam," in ji ta, "an ce yanzu kwamfuta na tada hoton da ya mutu. Kai shi a gyara mini, in ƙara ganin shi kafin idon nan ya ida rufewa."

Wannan aike shi ne ya jefa ni cikin tarihin hoto a ƙasarmu, ya kuma koya mini cewa gyaran tsohon hoto aikin mai kwafar littafi ne, amana ce da ke da iyakar da ba a ƙetarewa.

Kafin zuwan hoto

Kakanninmu ba su rasa hanyar adana kamannin mutum ba. Da baki suke yi. Wanda ya zauna a zauren karatu ya san yadda malamai ke karantar da siffofin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, daga littafin Shama'il na Imamu Tirmizi, gaɓa bayan gaɓa, kowace siffa da wanda ya ruwaito ta. Haka ma a cikin gida, tsohuwa za ta dubi jariri ta ce ya ɗauko goshin wane, ya ɗauko haƙoran wance, ta haka fuskar mamaci ke ci gaba da yawo cikin zuri'a. Sannan ga askar wanzami, wadda ke rubuta asalin mutum a fatarsa, yadda ko a kasuwar Kano ko a zangon Kumasi aka gan shi za a san Bagobiri ne ko Bakatsine ko Babarbare.

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris. Shekara 12 bayan haka, a farkon 1851, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bar Katsina ya nufi Kano, hanyarsa kuwa ta bi ta Kusada. Ya ambaci garin a littafinsa, ya ce ganuwarsa da sauran ƙarfinta, cikin garin kuma cike yake da itatuwa. Barth bai zo da kyamara ba, alƙalami da takarda ne kayan aikinsa. Da aka tashi buga littafin cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, sai aka ba wani mai zane, Johann Martin Bernatz, 'yan zane-zanen da Barth ya yi a gurguje a kan hanya, shi ya cike su, ya ƙawata su, ya sa musu launi. Bernatz bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Wato ke nan surorin ƙasarmu da Turai ta gani a littafin Barth, rabinsu shaidar ido ne, rabinsu kuma cikon mutumin da ke zaune a wata ƙasa yana kintace. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake karo da Bernatz a wani shago a Kankiya, cikin wata siffa dabam.

Wa aka ɗauka, wa aka bari

Kyamara ta zauna da gindinta a ƙasar Katsina ne tare da mulkin Turawa, bayan shigar Lugga birnin a 1903. Tun daga farko ba kowa take kallo ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya rasu a 1944, yana cikin sarakunan Arewa da hotunansu suka fi yawa, musamman saboda tafiyarsa aikin Hajji a 1921 da ta bi da shi ta Ingila. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ma haka, a fada da filin folo. Ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda ta soma aiki a 1921, suna nan a jere cikin fararen riguna, ana iya nuna kowa da sunansa. Talaka kuwa in ya shiga hoton Bature, yakan shiga ne ba suna. A ƙasan hoton sai a rubuta masaƙi, ko mai tallan nono, ko ɗan kasuwa, kamar yadda ake rubuta sunan itace.

Daga baya sana'ar ta koma hannun 'yan ƙasa. Yawancin masu shagon hoto na farko a biranen Arewa Yarbawa ne da Ibo mazauna Sabon Gari. Wasu kan ɗauki akwatinsu mai ƙafa uku su bi kasuwannin ƙauye da ranakun Sallah, su rataya ƙyalle a bango, su zura kai cikin baƙin mayafi. Amma dattawa irin Malam ba sa tsayawa gaban wannan akwati. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin hoto, wasu na ganin ya shiga cikin surar da aka hana, wasu na ganin inuwa ce aka kama kamar ta madubi. Malam yana ɓangaren masu ƙauracewa. Abin da ya kai shi gaban mai hoto lalura ce. Daga shekarun 1950 alhazai suka soma tashi ta jirgin sama daga Kano, gwamnatin Jihar Arewa ta shigo cikin tsara tafiyar, fasfo ya zama dole, fasfo kuwa ba ya yiwuwa sai da hoto. Gwaggo ta ce Malam ya sauke farali ne a shekarar da ta biyo bayan rasuwar Sardauna. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966, saboda haka hoton bai wuce ƙarshen 1966 ko farkon 1967 ba. A Katsina aka ɗauke shi. Mai hoto ya wanke guda huɗu, hukuma ta karɓi uku, na huɗun ya dawo gida cikin aljihun Malam.

Wannan labari ba namu kaɗai ba ne. In ka bincika gidajen Kankiya da Kusada, da Rimaye da Kafin Soli da Yashe, za ka tarar hoton kakanni mafi tsufa a gidaje da yawa na fasfo ne, ko na takardar aiki, ko na makaranta. Hukuma ce ta buƙaci fuskar, iyali suka ci gajiyar ragowar. Mata kuwa, musamman na kulle, yawancinsu sun tafi ba su bar ko inuwa ba. Matar Malam, kakata, tana cikinsu. Don haka ɗan abin da ya tsira yana da nauyin da ya fi girmansa.

Yadda hoto ke mutuwa

Hoton baƙi da fari na wancan zamani takarda ce da aka shafa wa wani siririn danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, a cikin danƙon kuma akwai ƙananan ƙwayoyin azurfa. Su ne baƙin da ido ke gani. Yanayin ƙasarmu maƙiyin wannan haɗi ne ta fuska biyu. Da damina danƙon yakan sha laima ya kumbura ya yi laushi, ya manne da gilashi ko da hoton da ke kusa da shi, fumfuna ta samu wurin zama. Da hunturu yakan bushe ya takure fiye da takardar da ke ƙarƙashinsa, sai hoton ya nannaɗe ya tsage. Gara da kyankyaso abinci suke gani. Azurfar kanta takan haɗu da iska ta koɗe, ko ta taso sama tana ƙyalli kamar madubi a wuraren da suka fi duhu. Hotuna masu launi da suka yawaita a shekarun 1970 da 1980 sun fi saurin tsufa, domin rini ne a jikinsu, kuma rinin ba ya koɗewa daidai wa daida. Shi ya sa hotunan bikin iyayenmu suka koma jajaye.

Hoton Malam ya sha damina da hunturu sama da hamsin a cikin adaka. Abin mamaki shi ne da ya kai haka.

Shagon Kankiya

Na hau mota zuwa Kankiya, domin nan ne muke zuwa in muna da aikin da ya shafi kwamfuta. A bakin titin Kano zuwa Katsina akwai shagunan da ake buga takardu da cike fom ɗin jarrabawa da wankin hoto. Na shiga ɗaya daga ciki, na tarar da wani saurayi mai fara'a da saurin hannu. Ya karɓi firam ɗin ya duba.

"Malam, ai wannan ƙaramin aiki ne," in ji shi. "Zauna, yanzun nan za ka ga kamar jiya aka ɗauke shi."

Ya ɗauki hoton da wayarsa, ya zuba shi cikin wata manhaja, ya danna. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga fuska ta fito fes. Ya sake dannawa, launi ya sauka a kanta. Sai na ga wani kyakkyawan dattijo mai santsin fata, wankan tarwaɗa, idanu na sheƙi, gemu a gyare, da rawani ruwan toka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har na ji ƙwalla. Karon farko ke nan da nake ganin kakana kamar mai rai. Aka wanke mini shi babba, na biya, na kamo hanyar gida ina ɗokin ganin farin cikin Gwaggo.

Ta karɓa, ta fito tsakar gida inda rana take, ta kai shi dab da idonta mai sauran gani. Ta bi shi da kallo daga rawani zuwa gemu. Sannan ta ajiye shi kan tabarma.

"Wanga wane ne?"

Na ce Malam ne, kwamfuta ce ta gyara shi.

"Ina billensa? Ina zanzanarsa? Malam baƙi ne wuluk, kai ma shi ka biyo. Wanga dai uban wasu ne, ba nawa ba. Ina wanda na ba ka?"

Na fito da tsohon firam ɗin daga aljihu, ta karɓe shi da sauri kamar mai tsoron kada shi ma na musanya shi. Na yi abin da Hausawa ke kira gyaran gangar Auzinawa.

Abin da na'ura ta share

A daren nan na ajiye hotunan biyu gefe da gefe a ƙarƙashin fitila. A tsohon, in ka ƙura ido, akwai layi biyu a kumatun Malam na hagu. Ɗaya tsagewar takarda ce, ta taso daga kunne ta wuce har kan rawani. Ɗayan ya taso daga gefen hanci ya gangaro, ya tsaya inda askar wanzami ta tsaya. Manhajar ba ta bambance su ba, ta ɗauke su duka a matsayin ɓarna ta goge. Ɗige-ɗigen da ke goshinsa da kumatunsa, waɗanda na zaci fumfuna ce, ashe zanzana ce, tabon agana da ya yi yana yaro, wadda Gwaggo ta ce ta kashe ƙannensa biyu a rani ɗaya. An ga cutar agana ta ƙarshe a Nijeriya a 1970, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sanar da kawar da ita daga doron ƙasa a 1980. Yaran yau ba su san kamannin wanda ya tsira daga gare ta ba sai a irin wannan hoto. Aska ma tana kan hanyar ɓacewa, iyaye sun daina yi, Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta hana tsaga fatar yaro. Fuskar Malam ashe takarda ce mai ɗauke da labarin asalinsa da na annobar da ya ƙetare, ni kuma na biya kuɗi aka shafe rubutun.

Ba laifin saurayin ba ne shi kaɗai, domin shi ma bai san abin da ke faruwa a cikin wayarsa ba. Tarihin mayar da hoto lambobi ya soma ne da hoton iyali. A 1957 wani injiniya a Amurka, Russell Kirsch, ya shigar da hoton jaririnsa ɗan wata uku cikin kwamfuta, ɗigo 176 a tsaye, 176 a kwance. A 1975 Steven Sasson na kamfanin Kodak ya ƙera kyamarar da ba ta buƙatar fim. A 1990 manhajar Photoshop ta fito kasuwa. Da ita mai gyara kan ɗebo launi daga lafiyayyen wuri ya toshe wurin da ya lalace, ɗigo bayan ɗigo, idonsa na kan aikin, shi ke yanke hukuncin abin da zai taɓa da abin da zai bari.

Manhajojin da suka cika wayoyi a 'yan shekarun nan, irin su Remini, aikinsu dabam ne. Ƙirƙirarriyar basira ce ke tafiyar da su. An nuna wa na'urar fuskoki masu ɗimbin yawa har ta koyi yadda fuska ta saba kasancewa. In ka ba ta hoton da ya dushe, ba ta da hanyar dawo da abin da ya riga ya ɓace daga takardar. Abin da take yi shi ne ta zana sabuwar fuska da ta dace da inuwar da ta gani, daga cikin abin da ta koya. Fuskokin da ta koya da su kuwa yawancinsu daga intanet aka kwaso su, ba na tsofaffin ƙasar Katsina ba ne masu bille da zanzana. A 2020 duniya ta ga misalin haka ƙuru-ƙuru, lokacin da aka ba wata irin wannan na'ura mai suna PULSE dusasshen hoton Barack Obama, ta mayar da shi fuskar Bature. Abin da ya sami tsohon shugaban Amurka shi ne ya sami Malam. Bernatz ne ya dawo, yana zaune cikin waya, yana cike zanen ƙasar da bai taɓa gani ba.

Ladabin mai kwafa

Mafitar ba daga kwamfuta na samo ta ba, daga gafakar Malam na samo ta. Cikin littattafansa na hannu akwai wani da aka kwafo daga tsohon kwafi. A wurare biyu ko uku mai kwafar ya bar fili fari a tsakiyar layi. Na tambayi wani dattijon almajirin Malam dalili, ya ce haka ladabin yake. In mai kwafa ya tarar gara ta ci kalma a uwar littafi, ba ya cusa tasa ko da ya san abin da ya dace da wurin. Yakan bar gurbi, in kuma yana da zato sai ya rubuta shi a gefen shafi, yadda mai karatu zai san wannan na marubuci ne, wancan na mai kwafa ne. Daga baya na gano masana gyaran gine-ginen tarihi sun cimma irin wannan matsaya a yarjejeniyar da suka yi a birnin Benis na Italiya a 1964, inda suka amince gyara ya tsaya daidai inda kintace ya soma, kuma duk abin da aka ƙara ya kasance ana iya gane shi. Malamanmu na zaure sun riga su da ƙarnuka.

Na koma Kankiya wurin saurayin nan, na ba shi labarin abin da Gwaggo ta ce. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma kakarsa tana da zane a fuska, kuma ya taɓa gyara hotonta da wannan manhaja bai lura ba.

"To yanzu yaya za mu yi, Malam?"

"Ƙanena, a hankali za mu bi shi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa."

Ba mu yi yunƙurin ɓamɓare hoton daga gilashi ba, domin da mun ja, fuskar za ta bi gilashin ta bar takardar. Mun cire bayan firam ɗin kawai, muka goge wajen gilashin, muka ɗora shi a na'urar sikana yadda yake. Saboda ƙanƙantarsa muka sa na'urar ta ɗauki ɗigo 1200 a kowane inci, muka kashe duk wani gyara da take yi da kanta, muka adana shi a tsarin TIFF wanda ba ya matse hoto ya zubar da wani abu daga cikinsa. Wannan kwafi muka kira uwa, muka yi alkawarin ba za a taɓa shi ba. A kan wani kwafin dabam muka yi aiki.

Cire bayan firam ɗin ya ba mu kyautar da ba mu zata ba. A bayan hoton akwai rubutun ajami da tawadar allo, hannun Malam ne, sunansa da na mahaifinsa da sunan garinmu. Gefe guda kuma ga ragowar hatimin mai hoto, gara ta ci sunan ta bar kalmar Katsina. Shi ma bayan muka ɗauke shi da sikana.

Aikin ya ci mana yini uku, ba a jere ba. Mun ƙara wa baƙin ƙarfi kaɗan don fuskar ta fito daga hazo. Mun toshe tsagewar takarda daga kunne zuwa rawani, muka bar layin wanzami. Duk ɗigon da muka yi shakka a kansa, ko fumfuna ne ko zanzana, sai in buga shi babba in kai wa Gwaggo Kusada in tambaye ta. Wani ta ce nasa ne, wani ta ce ba ta san shi ba. Wanda ta tabbatar muka bari, wanda ya fito fili a kan riga ko bango muka goge, wanda ya rage cikin shakka muka bar shi yadda muka same shi. Kafaɗar da gara ta cinye ba mu ƙirƙiro mata sabuwa ba, mun cike gurbin da launin toka bai ɗaya, yadda kowa zai gane a nan takarda ta ƙare.

Batun launi kuwa Gwaggo ce ta kashe shi. Rawanin da manhaja ta mayar ruwan toka ashe ɗan Kura ne, baƙin rini mai shuɗi-shuɗi da aka buga har yana walƙiya. Fararen wuraren da ke jikinsa a hoton, waɗanda na'ura ta ɗauka koɗewa ce, ƙyallin bugu ne. Ta ce aro ya yi wurin wani amininsa don zuwa Katsina, da ya dawo kuma shunin ya kwana biyu a goshinsa suna yi mishi dariya a ɓoye. Babu na'urar da za ta iya sanin wannan. Muka bar hoton baƙi da fari yadda mai shi ya wanke shi, labarin rawanin kuma na rubuta shi a takarda.

Abin da ya wuce gidanmu

Wani zai ce mene ne abin damuwa, tunda hoton iyali ne, in ya yi kyau ai shi ke nan. Amsar tana cikin wayoyinmu. Kullum ana yaɗa hotunan sarakuna da malamai da 'yan siyasar jamhuriya ta farko a Facebook da WhatsApp, an wanke su da manhaja, an sa musu launi, fata ta yi haske, tsagar fuska ta ɓace. Kowace turawa tana ƙara nisanta su da asali, har a wayi gari gyararren shi ne sananne, na gaskiyar ya zama baƙo. Har ma akan ga hoton da ake cewa na Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne, alhali Shehu ya rasu a 1817, shekara 22 kafin a bayyana fasahar hoto. Al'ummar da ta gina iliminta a kan tambayar wa ya faɗa, daga wa ya ji, bai kamata ta karɓi fuska ba tare da isnadi ba.

Manyan mutane suna da masu kare su. Hotunansu na asali suna ajiye a wurare irin su Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, da gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, mai bincike zai iya komawa ya gwada. Talakan Kusada ba shi da kowa sai adaka da tsohuwar da ta san fuskarsa. Ranar da aka jefar da tsohuwar takarda saboda an samu sabuwa mai sheƙi, kuma tsohuwar ta koma ga Mahaliccinta, babu sauran wanda zai ce wannan ba shi ba ne. Jikoki za su rataya baƙo a bango suna yi masa addu'a da sunan kakansu.

Don haka nake roƙon duk mai irin wannan ajiya da ya yi gaggawa, ya kuma bi a hankali. Ya kai hoton wurin tsofaffin gidansu tun suna gani, ya rubuta sunan mai hoton da shekara da dalilin ɗaukarsa. Ya ɗauki gaba da baya da sikana kafin a taɓa komai. Ya ajiye uwar kwafin a wuri fiye da ɗaya, kada ya dogara da WhatsApp domin yana matse hoto ya rage shi. Asalin takardar kuma ya sa ta a ambulan mai tsabta, nesa da bango mai laima da rufi mai yoyo, kada a liƙe ta da roba mai zafi. In yana sha'awar ganin kakansa da launi, babu laifi, amma ya rubuta a jiki cewa wannan kintacen na'ura ne, kamar yadda mai kwafa ke rubuta zatonsa a gefen shafi.

Ranar da muka gama, na kai wa Gwaggo sabon wankin da hantsi. Bai kai na farko kyau ba. Akwai sauran dushi a idon dama, ga tokar da ta maye gurbin kafaɗa. Ta fito rana, ta kai shi dab da fuskarta. Na ga yatsanta ya sauka gefen hanci, ya bi billen a hankali har inda ya tsaya.

"Malam," in ji ta, ba da ni take ba. Sai can ta juyo. "Allah ya yi maka albarka, mai sunan Malam. Ka ga yadda ya ɗaure fuska? Haushin mai hoton yake ji."

Yanzu abu huɗu ne a cikin ambulan ɗin, a cikin sabuwar adaka da aka ɗora kan benci nesa da bango: tsohon hoton da gilashinsa, da gyararren, da kwafin rubutun ajamin da ke bayansa, da takardar da na rubuta abin da Gwaggo ta faɗa, da sunanta da ranar da ta faɗe shi. Hoton farko na shagon Kankiya ma ban yar da shi ba. Na rubuta a bayansa da manyan baƙaƙe cewa wannan ba Malam ba ne, na ajiye shi dabam, don yaran da za su zo su san abin da ya kusa faruwa.